Gashin da aka ce ya jira: abun da ya sami Kawu a shekarar korona

Wannan bayani ne kan wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa kuma ɗan dillancinta a wani ƙauye yankin Wurno, da abun da ya same shi a 2020. Ba a taɓa cewa ya kamu da korona ba, ko gwajinta ba a yi mishi ba, amma a danginmu in ana lissafin wanda annobar ta fi yi wa ɓarna shi ake fara kira. Sunanshi da sunan asibitin duk zan bar su, don abun da nake son a duba shi ne tsarin da aka yi a lokacin, wanda ya lissafa masu tari da masu zazzaɓi da gawarwaki amma ya manta da mutumin da ke buƙatar gashi, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da ake yi a asibiti.

Ƙarshen watan Fabrairu ne, ana tsakiyar cire albasa. Kawu ya haura shekara hamsin da biyar, an daɗe da gaya mishi yana da hawan jini, to amma irin shan maganin mutanenmu yake yi, sai kai ya yi ciwo a sha ƙwaya biyu, in ya lafa a jefa sauran cikin aljihun riga. Bayan sallar asuba ya miƙe zai fita sai ƙafar dama ta ƙi, ya zube, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Ranar nan a gida ya wuni ana tofi da ruƙya da shafa man zaitun don kowa ya ɗauka iska ce ta buge shi, sai washegari aka ɗauko mota aka kawo shi Sakkwato. A wani babban asibiti cikin gari aka yi hoton kai aka ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya shanye. Aka kwantar da shi, aka daidaita jinin, kuma tun yana gado ma'aikatan sashen gashi suka fara zuwa suna motsa mishi gaɓoɓi, suna zaunar da shi bakin gado, suna koya wa Inna, matarshi, yadda za ta riƙa juya shi.

Tsakiyar Maris aka sallame shi. A lokacin yana iya zama in an tallabe shi, yatsun hannun daman suna ɗan motsi in ya matsa wa kanshi, kuma yakan fitar da kalma ɗai-ɗai. Mai gashin, wata matashiya mai haƙuri, ta rubuta mishi zuwa sau biyu a sati, ta ce mishi, "Baba, hannun ga yana da sauran rai, amma sai kuna zakkuwa, watannin farkon ga su ne namu." Ta juya ta gaya wa Inna kar a kuskura a riƙa jan shi ta hannun da ya shanye in za a tashe shi.

Maganar watannin farkon nan ita ce gaba ɗayan lamarin, don haka bari in tsaya a kanta. In ɓarin jiki ya shanye, wani yanki na ƙwaƙwalwa ne ya mutu saboda jini bai kai mishi ba, kuma wannan yankin ba ya dawowa. Abun da ke dawo da motsi shi ne sauran ƙwaƙwalwar da ke kewaye ta koyi aikin da wancan yankin yake yi, kuma ba ta koyo sai da maimaici, ɗaga hannu, riƙe kofi, tashi tsaye, taka ƙafa, yau da gobe da jibi. Wannan koyon ya fi sauri a cikin wata 3 na farko, yana ci gaba a hankali zuwa wajen wata 6, daga nan sai ya koma ɗan kaɗan-kaɗan. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haka abun yake. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne gaɓar da aka bari ba motsi ba ta zama yadda aka bar ta, naman yana ɗaurewa, jijiyoyi su gajarce, gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule cikin tafi, har ta kai ko da ƙwaƙwalwar ta aiko da umarni gaɓar ta riga ta ƙage. Kenan mai shanyewar jiki in an ce mishi ya dawo bayan wata huɗu, an cire mishi mafi tsadar lokacin da yake da shi ne, ba a kuma iya biyanshi daga baya.

To ga yadda kalanda ta faɗo mishi. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas, wato kusan satin da Kawu ya faɗi. Ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jirgi ga jiragen waje, aka rufe makarantu, ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Nan Sakkwato ba a yi irin kullen da aka yi wa Kano ba, amma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe iyakokin jiha a ƙarshen Maris, aka kafa kwamitin ko-ta-kwana ƙarƙashin kwamishinan lafiya Dakta Ali Inname, aka tanadi wurin killace masu cutar a Amanawa. Ranar 20 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a jihar, kwana kaɗan kafin a ɗauki azumi. Asibitoci a faɗin ƙasa suka rage ganin marasa lafiya masu zuwa su koma gida, aka ce sai na gaggawa, kuma gashi ya faɗa cikin abun da aka ce ba gaggawa ba ne.

Kawu ya samu zuwa gashi 'yan lokuta kafin abun ya rikice. Zuwan da aka yi farkon Afrilu sai aka tarar an rage aiki a sashen, aka ce a koma gida a ci gaba da motsa shi za a kira. Ba takarda mai hoton motsa jikin da za a yi, ba lambar da za a kira in wani abu ya taso, ba ranar dawowa. Kiran kuma bai zo ba.

Ko da sashen a buɗe yake ma, zuwan ya riga ya zama aiki. Daga ƙauyensu sai an ɗauko shi an kawo bakin titi, mutumin da ba ya iya zama kan kabu-kabu sai da wani a bayanshi yana riƙe da shi, sannan mota zuwa gari, sannan agwagwa da buje, wato keke napep, zuwa asibiti, kuma mutum uku ne ke tafiya ba ɗaya ba. Da aka ce direbobi su rage fasinja sai suka ɗora kuɗin kujerun da babu kowa a kan waɗanda suka shiga, ga shingaye a hanya kowanne da tambayarshi. Albasar da ake sa ran za ta biya duk wannan kuwa, rufe hanyoyin kudu ya sa masu lodi sun ja baya, ga iyakar Illela a rufe tun watan Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe ta. Mai gonar yana kwance, 'ya'yanshi maza suka sayar a yadda ta samu. Sai kuma tsoro, wanda ni a ganina ya fi kuɗin mota hana mutane zuwa. Magana ta bazu cewa duk wanda ya je asibiti yana tari Amanawa za a wuce da shi, in ya mutu ba a ba da gawa. Kawu kuwa yana tari, don masu shanyewar jiki da yawa haɗiya tana ba su wahala, ruwa ko kunu ya bi ta hanyar iska su shaƙe. Na kira Inna a waya cikin azumi ina ce mata a daure a kawo shi ko likita ya duba tarin, ta ce min, "Ɗan nan, mi kake so in yi? In sunka riƙe shi can wa za ya ba shi abinci? Bar shi nan inda muke ganinai."

Ban iya ce mata komai ba, don tambayar tata babu wanda ya amsa ta a rediyo ko a wajen masu shela.

Abun da ya biyo baya a gida daga Afrilu zuwa Yuli duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki zai iya faɗinshi tun kafin in faɗa. Zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, sama da digiri 40, mutum kwance kan tabarma da katifar da aka shimfiɗa wa leda saboda fitsari, gumi ba ya bushewa. A asibiti ana cewa a juya irin wannan majinyacin duk bayan awa 2, to a gida mace ɗaya ce mai azumi da girki da ɗiban ruwa, ba ta iya juya ƙato ita kaɗai sai samarin sun dawo. Gyambon kwanciya ya fito mishi a ƙugu. Samarin kuma in sun zo tashinshi, da kyakkyawar niyya, ta hammata da hannu suke ɗago shi, har kafaɗar daman ta saki ta riƙa yi mishi ciwo, daga nan duk wanda ya taɓa hannun sai ya yi ƙara, sai aka daina taɓawa don tausayi. Nan hannun ya tafi. Maganin hawan jini ya ƙare aka yi makonni ba a sayo ba, da aka sayo a kemis ɗin kasuwa ba wanda ya auna jinin. An kawo wanzami ya yi ƙaho, an kawo mai ɗori ya murza da man shanu, an sha rubutu, kuma ni ba na ganin laifin kowa a nan, su ne suka zo har ɗaki lokacin da asibiti ya ce a zauna gida. Mai ɗorin ma da an taɓa nuna mishi yadda ake motsa shanyayyar kafaɗa ba tare da an fizge ta ba da ya yi amfani sosai, don shi Kawu ya yarda da shi.

Wadda ta ɗauki nauyin a ƙarshe ita ce ƙaramar ɗiyarshi, tana aji uku a ƙaramar sakandare lokacin da aka rufe makarantu. Ita ke ba shi abinci, ita ke wanke gyambon da ruwan gishiri, ita ta gane cewa in an kaurara kunun kuma an zaunar da shi sosai ba ya shaƙewa, abun da ma'aikacin lafiya zai gaya musu cikin minti biyu ita sai da ta gano shi da kanta. Da aka buɗe makarantu ba ta koma ba.

Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ba da shawarar a yi gashin ta bidiyo, ai haka ake yi a Turai lokacin. Mun gwada. Wayar gidan ƙarama ce mai tocila, sai an aro babba wajen wani malamin firamare, sabis sai an fita bayan gari, majinyacin kuma yana cikin ɗaki. Abun da ya ɗan yi aiki shi ne saƙon murya da gajeren bidiyo da aka tura ta WhatsApp, malamin ya sauke in ya shigo Wurno ya kai musu su kalla. Duk mai rubuta tsarin lafiya a Abuja yana sa "gashi ta waya" a takarda ya kamata ya san wannan bambancin, kiran bidiyo kai tsaye na mutanen birni ne, ƙauye abun da za a sauke a ajiye a riƙa maimaitawa da Hausa shi ke aiki.

Farkon Yuli aka ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, abubuwa suka fara sakewa, amma damina ta riga ta sauka, samari suna gona, sai cikin Agusta aka dawo da shi gashi. Wata biyar da 'yan kwanaki kenan da faɗuwarshi. Aka duba aka ce gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu sun ƙage, kafaɗa ta sauka, agarar ƙafa ta gajarce har diddige ba ya taɓa ƙasa sosai. An yi aiki a kan ƙafar kuma alhamdulillahi ta ba da haɗin kai, yau yana tafiya da sanda yana jan ta, yana zuwa masallacin ƙofar gida, yana sallah a zaune. Magana ta dawo rabi. Hannun dama kuwa yana nan manne da ƙirji a dunƙule, da hagu yake cin abinci, kuma wanda ya san mutanenmu ya san abun da wannan yake yi wa dattijo a cikin jama'a, ya daina cin abinci a zaure. Ba mai iya rantsuwa cewa da an ci gaba da gashin hannun zai dawo daidai, wasu ana yi musu komai kuma ba ya dawowa. Amma ƙagewar gaɓa da gyambo da saukar kafaɗa abubuwa ne da aka san yadda ake hana su, kuma hanawar ba ta buƙatar inji ko wutar NEPA.

Yanzu a koma kan tsarin. Adalci shi ne a fara da cewa waɗanda suka rage aikin gashi suna da hujja. Gashi aiki ne na taɓa jiki, fuska kusa da fuska, wani lokaci minti talatin ko fiye, ga ƙarancin takunkumi da safar hannu a watannin farko, ma'aikatan lafiya suna kamuwa, kuma masu zuwa gashin su ne tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, wato waɗanda korona ta fi kashewa. Tara su a benci ɗaya a watan Mayun 2020 ganganci ne. Inda aka yi kuskure shi ne an rufe ƙofar ba a buɗe wata ba, kuma an yi wa kowa kuɗin goro. Mai tsohon ciwon baya na shekara goma zai iya jira wata uku ba abun da zai same shi. Mai sabuwar shanyewar jiki, da wanda aka yi wa aikin ƙashi, da wanda ya ƙone fata na neman ɗaurewa, da jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ana canja mishi filasta duk sati, waɗannan jiransu nakasa ce. Da an zauna an ware su tun farko, ko mutum biyar a rana da tazara, ko a ba su takardar wucewa shinge, da lissafin ya canja.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi tambaya a ƙasashe 155 cikin watan Mayun 2020, ta samu cewa aikin farfaɗo da majinyata, wanda gashi ke cikinshi, ya samu tsaiko a kashi 63 cikin 100 na ƙasashen, ya fi na hawan jini da na suga da na daji tsayawa. Dalilin a fili yake. Kwamitocin annoba, tun daga na shugaban ƙasa da Boss Mustapha ya jagoranta har zuwa na jihohi, an gina su ne kan sa ido da gwaji da killacewa da kula da masu cutar da wayar da kai da tsaron iyakoki. A lokacin kowane dare hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na fitar da adadi, sabbin kamuwa kaza, an sallami kaza, an rasa kaza. Hannun Kawu ba ya shiga ko ɗaya daga cikin layukan nan uku, kuma gwamnati abun da ake ƙirgawa a bainar jama'a shi take gudu a kai. Ita dai hukumar ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da farfaɗowa za ta amfane su, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa ƙwararrun wannan fanni ba su kai 10 ga mutum miliyan ɗaya ba. Tun 2017 ta ƙaddamar da shirin da ta sa wa wa'adin 2030 a kan wannan, sai a watan Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙuduri na farko da ya ce a saka farfaɗowa cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko har da lokacin gaggawa. Ƙasashe masu kuɗi da suka rufe sassan gashi suna da ma'aikatan da ke bin gida da intanet mai ƙarfi, mu da muka kwaikwayi rufewar ba mu da ko ɗaya.

Abun da ya fi damuna a namu na Sakkwato shi ne annobar ba ita ta haifar da ramin ba, ta dai nuna shi. Dubi inda wuraren suke. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru suna cikin gari, asibitin ƙashi yana Wamakko, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, asibitin yara masu ciwon noma, mai cin baki da fuska, da aka kafa a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, shi ma cikin gari. Duk a zagaye ɗaya, a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Mutumin Isa ko Sabon Birni ko Tangaza ko Kebbe da ɓarin jikinshi ya shanye, ko babu korona gashi sau biyu a sati labari ne a wajenshi. A ƙarshen Mayun 2020 ɗin nan, ana tsakiyar maganar wanke hannu, 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, waɗanda suka tsira da harbi a ƙafa ko a hannu su ma gashi suke buƙata, a kan hanyar da direba ke tsoron bi. Wurno kusa ce in aka kwatanta, kuma duk da haka ga yadda ta kaya.

Alhali kuwa mun san yadda ake kai aikin lafiya ƙofar ɗaki, mun fi kowa sani ma. Ranar 25 ga Agusta 2020, daidai watan da aka dawo da Kawu aka ce hannun ya ƙage, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Da me aka ci wannan yaƙin? Da mata masu bi gida-gida, da masu unguwanni da hakimai, da sa bakin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da alli a jikin bango da rajistar kowane gida. Matan nan sun san gidan da aka haihu jiya. Da an ƙara musu tambaya ɗaya tak, akwai wanda ke kwance ba ya tashi a gidan nan, da an san inda irin su Kawu suke cikin sati biyu. Jihar tana da mazaɓu 244 kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin matakin farko mai aiki, ga kwalejin fasahar lafiya a Gwadabawa tana yaye jami'an lafiyar al'umma, ga manufar 2014 da ta yarda a sauke wasu ayyukan ƙwararru zuwa hannun ƙananan ma'aikata. Ba cewa nake jami'in lafiya na ƙauye ya zama likitan gashi ba, masu wannan sana'a suna da hukumarsu da karatunsu na shekaru kuma suna da gaskiya in sun yi kishin aikinsu. Amma kwanciyar da ta dace, juyi, motsa gaɓa a hankali, yadda ake tashin mutum ba a ja hannu ba, yadda ake ba shi abinci, auna jini, da gane lokacin da dole a tafi gari, wannan horon 'yan kwanaki ne, ƙwararre ɗaya yana sa ido kan ƙaramar hukuma guda ta waya da ziyara. Tunanin ba sabo ba ne, tun bayan taron Alma-Ata na 1978 ake maganar farfaɗowa cikin al'umma don ƙasashe irin namu.

Sai kuɗi, inda kowace magana ke maƙalewa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, kuma gashi ya fi kowane magani cin aljihu a hankali don ba a yi sau ɗaya, kuɗin mota ma ya fi kuɗin katin. Akwai asusun lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, akwai hukumar zakka da waƙafi da ta daɗe tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani. Tun zamanin gwamna Aliyu Wamakko jihar ta fara ba masu nakasa alawus na N6,500 a wata, abu ne mai kyau kuma ba jihohi da yawa suka yi ba. Amma a lura da inda kuɗin yake shiga, sai bayan mutum ya gama nakasa. Dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ita ma ta fi magana kan gine-gine da aiki da haƙƙi, wato rayuwar bayan nakasa. Watanni shidan da ke tsakanin faɗuwa da nakasa, inda kuɗi kaɗan ke hana asara mai yawa, ba su da mai su. A gidan Kawu asarar ta haɗa da dillali ɗaya da ya bar kasuwa, da gona da aka jinginar, da karatun yarinya.

Wani abu kuma da masu tsara shirin annoba ke tsallakewa, ita kanta annobar tana barin nata majinyatan. Wanda ya daɗe a kan iskar oksijin yana tashi ba ƙarfi, numfashi sama-sama, kuma a Oktoban 2021 hukumar lafiya ta duniya ta fitar da ma'anar larurar da ke biyo bayan korona, gajiya da haki da rikicewar tunani da ke nan bayan wata 3. A Saliyo da Laberiya da Gini waɗanda suka tsira daga Ebola sun yi ta fama da ciwon ido da na gaɓoɓi, har Saliyo ta buɗe musu shiri na musamman. Zazzaɓin Lassa yana barin wasu da kurumta. Namu na gida kuma shi ne sanƙarau, wanda ba ya buƙatar jirgi ya kawo shi, duk rani yana leƙowa daga sanyin hunturu zuwa faɗuwar ruwa, kuma a 2017 nau'in C ya yi mummunar ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na bakteriya suna fita da wata larura mai ɗorewa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa ko wahalar karatu. Yaron da aka sallama bayan sanƙarau ana so a gwada jinshi kafin ya bar asibiti ko cikin sati 4, amma a sansanin jinya na ƙauye in zazzaɓi ya sauka wuya ya saki sai a rubuta ya warke a cire shi daga lissafi, iyaye kuma sai bayan watanni suke lura ana kiranshi ba ya juyowa, malamin allo yana dukanshi a kan taurin kai.